Abin da Ya Biyo Jakar Yusha'u

Ranar da abin ya fara, babu wanda zai ce ya ga wata alama. Yammacin Talata ne a ƙarshen damina, gero ya fitar da kai, sama ta yi ja ta wajen Maraɗi. A Magamar Jibiya manyan motoci sun yi layi a bakin iyaka, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a gindin tayoyi suna jiran salla. A wani gida na ƙasa da ke bayan gari, Hasiya tana tsugune gaban murhu tana tuƙa tuwo. 'Yarta Muhsina, mai shekara goma sha shida, tana kwashe shanyar kuɓewa. Maigidan, Malam Dalhatu, yana alwala a bakin zaure. Ladan ya ɗaga murya ke nan, dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki.

Suka ɗaga kai su uku. Kafin wani ya yi magana na biyu ya sauka, na uku kuma ya faɗa cikin randa, ruwa ya fantsama har kan zanen Hasiya. Dalhatu ya ɗauki sanda ya kewaye gidan sau biyu, ya leƙa cikin geron da ke bayan katanga, bai ga ko sawun kaza ba. Da ya dawo, Hasiya ta miƙa masa ɗaya daga cikin duwatsun. Baƙi ne, mai santsi, irin wanda ba a samu a yashin ƙasar nan, kuma da ɗumi a jikinsa kamar yanzu aka ciro shi daga toka.

"Yaran unguwa ne," in ji Dalhatu. Ya jefar da dutsen ya tafi masallaci.

Hasiya ta koma gaban murhu. Amma ta lura da inda duwatsun suka fito. Ba daga waje ba ne. Daga wajen rumbu suka taso, rumbun da ke kusurwar gidan, wanda wata goma ke nan ba a buɗe shi ba.

Asalinsu mutanen Daddara ne. Can gonarsu take, can aka haifi ɗansu na fari, Yusha'u, yaro dogo mai yawan dariya, wanda tun yana shekara goma sha biyu yake riƙe garmar shanu shi kaɗai. Shekarar da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyuka, suka kwaso kayansu suka dawo Magama, sai dai a je gona da safe a dawo kafin la'asar. Tun daga nan Yusha'u ya daina dariya. Wata rana ya shigo da takarda, ya durƙusa gaban ubansa, ya ce an ɗauke shi aikin soja. Dalhatu ya ce bai yarda ba, shi kaɗai ne ɗa namiji a gidan, wa zai riƙe gona? Yaron ya yi ta ba da haƙuri kwana uku. A rana ta huɗu ya ɗaura jaka a kafaɗa, uban ya tsaya a tsakar gida cikin fushi, ya ce, "In ka sa ƙafa ka hita gidan nan, ban yahe ba." Yusha'u ya tsaya a bakin zaure jim kaɗan, kansa a sunkuye. Sannan ya fita.

Shekara biyu ya yi a gabas, wajen tafkin Cadi. Yakan kira wayar Muhsina, ya gaisa da uwarsa, ya ce a ba Baba. Baba bai taɓa karɓa ba. Sai ranar da sojoji biyu suka yi sallama a ƙofar gida, ɗaya riƙe da takarda, ɗaya riƙe da koriyar jaka. Sun ce an yi musu kwanton ɓauna, an same shi washegari, an yi masa sutura a Maiduguri tare da abokansa. Shekarunsa ashirin da biyu. Dalhatu ya karɓi gaisuwa kwana uku da busassun idanu. Da mutane suka watse, ya jefa jakar cikin rumbu ba tare da ya buɗe ba, ya liƙe bakin da laka, ya ce kada ya ƙara jin sunan nan a gidansa. Ita kuwa Hasiya, ɗan fari ne, ko yana raye ba ta kiran sunansa, ba ta kuma da halin yin kukansa a gaban mutane. Haka yaron ya ɓace daga bakin kowa, kamar ba a taɓa haifarsa ba.

Washegari da magariba jifan ya dawo. Rana ta uku ma haka. Ba ya wuce lokacin da ake tsakanin kiran salla da ɓacewar jan sama, sannan gidan ya yi tsit, irin shirun da ko gyare ba ya kuka a cikinsa. Awaki suka daina kwana kusa da rumbu, suka koma suna cunkushewa a bakin madafa. A rana ta biyar Hasiya tana sallame salla ta ji taku a tsakar gida, taku mai nauyi na takalmin da ba a sawa a gidan, yana zuwa yana komawa, yana jan ƙafa ɗaya. Ta ɗaga labule. Babu kowa, sai hayaƙin murhu da ya kwanta ƙasa-ƙasa. Sai ta ji murya, can ƙasan maƙogwaro, kamar daga cikin rami:

"Ku buɗe."

Ta faɗa wa mijinta. Ya ce ta yi ta'awwuzi ta daina sauraren iska. Amma ta ga ya ƙi kallon wajen rumbun.

A rana ta tara abin ya kama Muhsina. Ta fito da tulu za ta zuba ruwa a randa, sai ta tsaya cak tana fuskantar rumbu. Tulun ya suɓuce ya fashe. Ta yi wata ƙara da ta sa maƙwabta suka hauro katanga, ta faɗi tana birgima, mata huɗu suka kasa danne ta. Da ta lafa, idanunta a buɗe suke amma ba ta ganin kowa. Daga ranar ba ta ƙara cin abinci ba sai ɗan kunun da ake ɗura mata da cokali. Da rana tana kwance kamar tsumma. Rana na sunkuyawa sai ta miƙe, ta ja ƙafar hagu har gindin rumbu, ta dinga kankare lakar da farcenta har yatsunta suka yi jini.

Sun kai ta asibiti, aka auna jini, aka ƙara mata ruwa, aka ce ba a ga ciwo ba. An kawo rubutu, an yi hayaƙi, an yi sadakar waina. Yarinyar sai ƙara ramewa take, har ƙasusuwan wuyanta suka fito, awarwaron hannunta ya riƙa zamewa da kansa. Hasiya takan zauna ta ɗora kan 'yar a cinyarta, tana jin numfashinta yana fita siriri, tana lissafin abin da ya rage mata a duniya. Ta haifi shida, huɗu sun koma tun suna goye, ɗaya yana kwance a ƙasar da ba ta taɓa takawa ba. Wannan ce ta ƙarshe.

"Malam, don girman Allah a buɗe rumbun nan," ta ce da mijinta a rana ta ashirin.

"Ba a buɗe shi."

"Ɗiyar nan mutuwa za ta yi."

"Na ce ba a buɗe shi, Hasiya." Ya juya mata baya. Muryarsa ba ta fushi ba ce. Muryar mutumin da yake tsoron abin da zai gani ce.

Da gari ya waye, Hasiya ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a shekara ashirin da biyar na aurenta. Ta yafa mayafi ta fita ba tare da ta nemi izini ba, ta hau babur zuwa Riko, duk da ana cewa hanyar ba lafiya. Can akwai wani dattijo, Malam Zunnuraini, mahaddaci, wanda ake kawo masa masu ciwon iska har daga ƙetaren iyaka. Ta same shi a ƙarƙashin rumfa yana gyaran igiyar guga. Ta zube a gabansa, ta kasa ko gaisuwa, sai kuka. Ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya saurari labarin tun daga dutsen farko. Tambaya ɗaya ya yi mata: me ke cikin rumbun? Da ta faɗa masa, ya naɗe igiyar, ya ce ta je, yana nan tafe bayan la'asar.

Ya iso rana ta yi sanyi, sanye da farar riga da ta sha wanki, babu komai a hannunsa sai buta da ɗan ƙullin ganyen magarya. Dalhatu ya tarbe shi a zaure cikin kunya. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kwantar da Muhsina, aka lulluɓe ta da babban mayafi. Malam ya sa aka sallami 'yan kallo, ya ce uwa ta riƙe kafaɗunta, uba ya zauna inda zai ji. Ya yi alwala, ya zauna daga wajen kanta, ya fara karatu.

Ya daɗe yana yi, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Inuwar katanga ta miƙe ta rufe tsakar gidan. Can yatsun ƙafar yarinyar suka fara motsi, sannan jikinta duka ya ɗauki rawa, ta sandare, ta yi wani gurnani da Hasiya ta ji shi har cikin haƙarƙarinta. Bakin Muhsina ya buɗe, amma muryar da ta fito ta tsoho ce, busasshiya.

"Ya isa. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Sunana ba zai amfane ka ba."

"Musulmi ne kai?"

"Musulmi ne."

"To ina ka samo halaccin shiga jikin 'yar mutane? Me ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ita kaɗai ce take zuwa gindin rumbun tana kuka in ba kowa. Ita kaɗai na samu ƙofa a wurinta. Saƙo na kawo, aka liƙe ni da laka wata goma."

Malam ya ce ya faɗi saƙon. Muryar ta ci gaba a hankali, kamar mai jawo magana daga nesa.

"Ni mazaunin wata rijiya ce a gabas, a garin da aka ƙone, mutanensa suka gudu. Nawa ma sun watse saboda ƙarar wuta, ni kaɗai na rage. Ran nan da azahar aka yi ta harbi a bakin garin. Da ƙura ta lafa, sai ga yaro ya jawo jiki, harsashi ya same shi a ciki da ƙafar hagu, jakarsa a baya. Ya zo bakin rijiyata. Kafin ya jingina sai ya yi sallama. Shekara shida babu wanda ya yi mini sallama. Ya leƙa yana neman ruwa, rijiyar kuwa ta daɗe da ƙafewa. Ban da abin da zan ba shi."

Hasiya ta ƙara damƙe kafaɗun 'yarta.

"Ya kai har faɗuwar rana. Ya kira Inna sau da yawa. Ya yi maganar wata gona, yana cewa ba a yi mata noma na biyu ba. Da ya ji abin ya zo, sai ya ce, in akwai mai ji na a wurin nan, mutum ko aljan, na ba shi amana, ya je Magamar Jibiya gidan Dalhatu na Daddara, ya ce da Baba ya yafe mini, kada in tashi da fushinsa a kaina. Ya yi shahada, ya cika. Ni na ji, amana ta hau kaina. Da 'yan'uwansa suka zo ɗaukarsa da safe, na shiga jakar."

Daga bakin iyaka ana jin wata mota tana ta da inji, kamar a wata duniya.

Malam Zunnuraini ya juya wajen Dalhatu. "Malam Dalhatu, ka saurare ni. Wanda ya mutu ba ya dawowa, wannan ba ɗanka ba ne. Aljani kuma yakan yi ƙarya, ni ba zan rantse maka a kan maganarsa ba. Abu ɗaya zan tambaye ka, kai ka san amsarsa. Ka ce ba ka yafe ba?"

Dalhatu ya kafa ido a ƙasa.

Hasiya ta saki 'yarta, ta rarrafa ta kama ƙafafun mijinta da hannu biyu. Kunyar shekara ashirin da biyu ta yar da ita a wurin.

"Yusha'u ne, Malam! Yusha'u na! Da ƙishirwa ya mutu, shi kaɗai, yana kiranka. Mi ya yi maka da ba ya yahuwa? Ka rasa ɗaya, so kake ka binne ta biyu? In ba ka yahe mashi ba, ni ka haɗa da ni, don ni na sa mashi albarka a ɓoye ranar da zai tahi!"

Dalhatu ya miƙe kamar wanda aka sara. Ya ɗauki galma ya nufi rumbu, ya dinga dukan lakar har ta zube. Ya jawo jakar, duk ƙura da yanar gizo, ya durƙusa ya zuge ta. Kayan sarki ne kala biyu, da ƙaramin Alƙur'ani, da waya da ta mutu, da mayafi shuɗi a cikin leda, da wasu 'yan kunne. A can ƙasa akwai wani abu naɗe cikin jarida. Ya warware. Hula zanna ce sabuwa, ba a taɓa sa ta ba. Kan Yusha'u ƙarami ne, kowa ya sani. Wannan hular ta babban kai ce.

Kukan da ya fito daga ƙirjin Dalhatu bai yi kama da na mutum ba. Ya kifa fuskarsa a kan jakar.

"Na yahe maka, Yusha'u. Na yahe maka duniya da lahira. Wallahi tun ranar da ka hita na yahe, girman kai ya hana ni hwaɗi. Ni ne mai laihi. Allah Ka gafarta wa yaron nan, Ka gafarta mini."

Malam ya bar shi ya yi shiru don kansa, sannan ya koma kan yarinyar. "Ka ji. Amana ta sauka. Yanzu fita."

"Ku bar ni in zauna a rumbun," in ji muryar. "Ba ni da kowa a can. Ba zan ƙara jifa ba."

"A'a. Gidan mutane ne."

"To in riƙa zuwa wurin yarinyar sau ɗaya a shekara."

"Ko sau ɗaya a rayuwarta. Ka dubi yadda ka mayar da ita. Ka kawo amana, ka kuma yi zalunci, za a tambaye ka duka biyun. In ka ƙi, in ci gaba da karatu."

"Kada ka ci gaba." Muryar ta yi rauni. "Zan fita. Amma ya sake faɗa sau ɗaya, a hankali, in riƙe shi daidai. Zan mayar da amsar bakin rijiyar, inda na ɗauko saƙon."

Malam ya dubi Dalhatu ya gyaɗa kai. Dalhatu ya matso, ya sake faɗa, kalma bayan kalma, hawaye na bin gemunsa. Malam ya sa aljanin ya yi alkawari da sunan Allah cewa ba zai dawo ba, ba kuma zai taɓa wani na gidan ba. Ya yi. Sannan ya ce, "Assalamu alaikum." Jikin Muhsina ya miƙe, ta yi atishawa sau uku, ƙafarta ta hagu ta girgiza ta saki. Daidai nan ladan ya kira magariba.

Yarinyar ta buɗe ido, ta dubi fuskokin da ke kanta ɗaya bayan ɗaya. "Inna," ta ce da muryarta ta ainihi, siririya, "yunwa nike ji."

Hasiya ta rungume ta, ta kasa tashi ta kawo abincin.

Ba a ƙara jifa a gidan ba. Muhsina ta yi wata guda kafin ta iya ɗaukar tulu, kuma ba ta tuna komai daga ranar da ta faɗi. Ranar Juma'a Dalhatu ya miƙe a masallaci bayan salla, ya ce yana roƙon jama'a su yi wa ɗansa Yusha'u addu'a, soja ne, ya rasu a bakin aiki. Wasu a sahun sai ranar suka san yana da ɗa namiji.

Da aka gama girbi, ya je tasha ya tambayi yadda ake zuwa Maiduguri. Mutumin da bai taɓa wuce Katsina ba, ya ɗauki matarsa da 'yarsa, suka kwana biyu a hanya. A ƙofar maƙabartar sojoji suka nuna takardar da aka kawo musu. Wani soja mai furfura ya duba, ya cire hularsa, ya shige gaba suna bin sa. Kaburbura ne jere-jere har inda ido ya tsaya, kowanne da ɗan allo a kansa. Hasiya ta riƙa kallonsu tana tunanin kowane ɗaya akwai wadda ta goya shi. Dalhatu bai iya karatun boko ba, don haka Muhsina ce take bin allunan da ido. A layi na bakwai ta tsaya.

"Baba, ga shi."

Dalhatu ya tuɓe takalmansa. Ya yi sallama, ya tsuguna, ya daɗe yana addu'a, su kuma suna amin daga bayansa. Da ya shafa, bai tashi ba. Ya sa hannu ya tsinke wata ciyawa da ta fito a gefen kabarin, ya daidaita ƙasar da tafinsa, yadda yake yi wa kunya a gona. Sannan Hasiya ta ji ya yi ƙasa da murya, kamar yadda yake yi wa yaron magana da can in sun zauna hutawa a gindin gawo.

"Ni ne, Yusha'u. Na zo da innarka da ƙanwarka. Gonar nan an yi mata noma na biyu, ni na yi da hannuna. Gero ya yi kyau bana. Ka kwanta."